Alƙali Ibn Rushd na Ƙurɗuba da Littafin Aflaɗon

 Filin wannan mako zai ba da tarihin wani alƙali ne na mazhabar Malikiyya, wanda ya bar duniya fiye da shekara 800 da suka wuce, amma har yau ana kiran sunansa a zauren malamai, ana kuma kiransa a jami'a, ko da yake ba safai ɓangarorin biyu kan lura cewa zancen gida ɗaya suke yi ba.

Duk almajirin da ya durƙusa gaban malami da Muhtasar na Shaihu Halilu, a Ƙauran Namoda ne ko a Shinkafi ko a Zurmi, tun a gabatarwar littafin za a faɗa masa sunayen malamai huɗu da mawallafin ya keɓe wa kowannensu lafazi na musamman, watau Lahmi da Ibn Yunus da Ibn Rushd da Maziri. In karatu ya yi nisa har ya kai ga littattafan saɓanin mazhabobi, sai ya sake gamuwa da sunan Ibn Rushd a bangon Bidayatul Mujtahid. Ƙaninsa kuwa da ya bi ta boko, ya tafi jami'a a Sakkwato ko Kano ko Zariya don karatun siyasa ko falsafar Musulunci, can ma zai ji ana ambaton wani Averroes, mai sharhin littattafan Girkawa. To, na Muhtasar kaka ne. Na Bidaya da na jami'a mutum ɗaya ne, jikan wancan, Turawa ne suka karkata sunansa zuwa bakinsu.

Sunansa Abul Walid Muhammadu ɗan Ahmadu ɗan Muhammadu. An haife shi a birnin Ƙurɗuba na ƙasar Andalus, watau kudancin Sifen ta yau, cikin shekarar 520 ta Hijira, daidai da 1126 ta Miladiyya. A wannan shekarar ce kakan nasa ya rasu, bayan ya riƙe alƙalancin birnin, ya kuma bar manyan littattafai biyu na fiƙihu, Muƙaddimat da Albayan wat-Tahsil. Mahaifinsa ma ya yi alƙalanci. A gabansa yaron ya haddace Muwaɗɗa ta Imamu Malik, sa'an nan ya ɗauki hadisi wurin Ibn Bashkuwal, ya koyi ilmin magani wurin Abu Ja'afar ɗan Haruna. Ibn Abbar, marubucin tarihin malaman Andalus, ya ruwaito cewa tun da ya yi wayo dare biyu kaɗai ya bar nazari, daren da mahaifinsa ya rasu da daren aurensa.

Yana saurayi ƙasar ta juye. Daular Murabiɗun, wadda asalinta mutanen Sanhaja ne na hamadar Sahara masu rufe fuska da amawali, ta faɗi a hannun Muwahhidun, waɗanda suka ci Marrakush a 1147. Ya ga wannan da idonsa, kuma za a ga amfanin da ya yi da abin da ya gani.

Wajen 1169 likita Ibn Ɗufail ya kai shi gaban halifan Muwahhidun, Abu Ya'aƙub Yusufu. Marrakushi mai littafin Almu'ujib ya ba da labarin yadda halifa, bayan ya tambayi nasabarsa, ya jefa masa tambaya kan ra'ayin masana falsafa game da sammai, ko dawwamammu ne tun azal ko fararru. Ibn Rushd ya tsorata, ya shiga kauce-kauce kamar bai san fannin ba, don a zamanin nan irin wannan magana tana iya cin ran mutum. Da halifa ya lura, sai ya juya ga Ibn Ɗufail ya shiga warware mas'alar da kansa, yana kawo abin da Aflaɗon da Arisɗo suka ce, da raddin da malaman Musulunci suka yi musu, har hankalin baƙon ya kwanta ya sa baki. Ya fito da kyautar kuɗi da riga da abin hawa. Ba a daɗe ba aka isar masa cewa halifa na kukan wuyar fahimtar littattafan Arisɗo, yana son wanda zai taƙaita su ya bayyana. Nan aikin rayuwarsa ya fara. A shekarar ne aka naɗa shi alƙalin Ishbiliya, bayan shekara 2 ya koma Ƙurɗuba, a 1182 kuma ya gaji Ibn Ɗufail a matsayin likitan fada, ya hau kujerar babban alƙalin Ƙurɗuba da kakansa ya zauna a kai. Da rana shari'a, da dare sharhi, har ya bi kusan dukan littattafan Arisɗo, waɗansu sau uku: gajeren sharhi, matsakaici, da dogo.

Mutane ba su rasa yi masa tambayar da har yau ake yi wa ɗaliban falsafa ba: me ya haɗa Musulmi da littattafan mutanen da suka rayu kafin Annabi Isa, ba su san wahayi ba? Ya amsa da salon alƙali cikin ɗan littafinsa Faslul Maƙal, wajen 1179. Hujjarsa ita ce Alƙur'ani ya umarci mutum da yin tunani cikin halittu, tunani kuwa yana da ƙa'idoji, kuma in waɗansu sun riga sun tsara ƙa'idojin, wajibi ne a duba abin da suka rubuta, a karɓi daidai a gode musu, a yi gargaɗi kan kuskure. Ya ba da misalin wuƙar layya: in ta cika sharuɗɗan yanka, ba a tambayar addinin mai ita. Ya kuma ce hana wanda ya cancanta wannan karatu don waɗansu sun ɓace ta dalilinsa, kamar hana mai ƙishirwa ruwa ne don an taɓa samun wanda ya ƙware da ruwa ya mutu. Amma fa bai buɗe ƙofar ga kowa ba. Ya sharɗanta basira da kyawun hali da malami nagari, ya kuma hana a riƙa zuba zurfafan tawili a kunnen gama-garin jama'a. A kan wannan ne ma ya ga laifin Imamu Gazali, wanda ya yi wa raddi cikin Tahafutut Tahafut.

Cikin dukan ayyukansa, guda ɗaya ne ya fita daban, shi ne kuma abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa. Da ya zo fannin siyasa, littafin Arisɗo na siyasa bai iso hannunsa ba, kamar yadda shi da kansa ya faɗa. Sai ya ɗauki littafin malamin Arisɗo, watau Aflaɗon, wanda ake kira Jamhuriya.

Aflaɗon mutumin Atina ne ta ƙasar Girka, ya rasu a shekara ta 347 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salamu. Malaminsa Suƙraɗu, hukumar birnin ce ta yanke masa hukuncin kisa a shekara ta 399, bisa zargin ɓata matasa da ƙin allolin gari, aka ba shi guba ya sha. Wannan abu bai bar zuciyar almajirin ba. Littattafansa ya rubuta su ne a kan tsarin muhawara, Suƙraɗu na tambaya waɗansu na amsawa. Jamhuriya kashi 10 ce, hira ce da aka yi a gidan wani attajiri a Firayus, tashar jiragen ruwan Atina, tambayar kuwa ɗaya ce: mene ne adalci? Wani mai kaifin baki, Tarasimaku, ya ce adalci ba kome ba ne sai abin da ya amfani mai ƙarfi. Wani kuma ya kawo labarin makiyayin da ya tsinci zoben da ke aikin layar zana, ya kashe sarki ya hau gado, ya tambaya ko akwai wanda zai riƙe gaskiya in ya tabbata ba mai ganinsa. Don ya amsa musu, Suƙraɗu ya gina birni da baki, mai rukuni uku: masu hikima da ke mulki, mayaƙa da ke tsaro, da masu noma da sana'a. Adalci shi ne kowa ya tsaya a aikinsa, haka kuma cikin mutum guda, hankali ya ja ragamar fushi da sha'awa. Daga nan ya nuna yadda birni nagari ke lalacewa daki-daki, daga mulkin masu hikima zuwa na masu neman girma, zuwa na masu dukiya, zuwa na kowa ya yi abin da ya ga dama, har a ƙare a hannun azzalumi guda.

Maganar Tarasimaku ba baƙuwa ba ce ga manomin Zurmi ko Shinkafi, wanda a shekarun da suka biyo bayan 2011 ya san abin da ake nufi da biyan 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa. Cikin amsoshin da Suƙraɗu ya ba shi akwai cewa ko gungun 'yan fashi ba su iya cim ma kome in suna zaluntar juna, watau zalunci tsantsa ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai ya jingina da ɗan adalcin da ya rage.

Littafin ya shigo Larabci ta Bagadaza a zamanin Abbasiyawa. Hunainu ɗan Is'haƙu, wanda ya rasu a 873, da almajiransa sun fassara taƙaitawar da likita Jalinusu ya yi wa littattafan Aflaɗon. Sa'an nan Farabi, da ya rasu a 950, ya gina nasa tunanin a kan wannan harsashi cikin littafinsa na ra'ayoyin mutanen birni nagari, inda ya kusanto da siffar shugaba mai hikima zuwa ga siffar imami. Ibn Rushd ya amfana da Farabi ƙwarai, ya kuma yi ta jayayya da Jalinusu cikin sharhinsa.

Abin da ya fara yi shi ne ya rushe muhawarar. Ya cire masu magana, ya cire barkwanci da tatsuniya, ya bar hujja tsurarta cikin maƙala uku. Ya zubar da kashi na farko da na goma, da farkon na biyu, don a ganinsa jayayya ce da labarai, ba hujja yankakkiya ba. Nan lalle an yi hasara, don Tarasimaku da gungun 'yan fashin nan da zoben makiyayi duk suna cikin abin da ya zubar, kuma ɗalibin da ya karanta asalin littafin ya san rabin daɗinsa na cikin yadda ake kai mutum bango da tambaya. Amma abin da ya zuba a gurbinsu ya fi abin da ya cire nauyi ga Musulmi. Duk inda Aflaɗon ya kawo misali daga Girka, shi sai ya kawo daga tarihin Musulmi da kuma garinsa. Inda aka soki waƙoƙin Girkawa don suna ɓata tarbiyyar yara, ya juya sukan kan waƙoƙin Larabawa. Inda aka yi zancen shugaba mai hikima, ya yarda samun irinsa da wuya, ya ce in an rasa, mai bi masa shi ne sarki masanin shari'a mai iya jihadi, in kuma ba a samu siffofin biyu ga mutum ɗaya ba, sai sarki da faƙihi su haɗu su riƙe al'amari, kamar yadda ya ce ya faru ga sarakunan Musulmi da yawa.

Da ya zo kan lalacewar birane sai ya kira sunaye. Ya ce mulkin Musulmi na farko ya yi kama da birni nagari, sa'an nan a zamanin Mu'awiya ya koma mulkin neman girma. Ya ce Murabiɗun a zamanin sarkinsu na farko sun bi tsarin shari'a, a zamanin ɗansa suka koma neman girma gauraye da son kuɗi, a zamanin jikansa suka koma jin daɗi, nan kuma daular ta ƙare. Ya ce Ƙurɗuba kanta ta karkata zuwa mulkin danniya bayan shekarar 540 ta Hijira. Ya kwatanta garuruwan da manya ke cinye dukiyar talakawa, kowane gida yana neman tsira da kansa, dukiyar baitulmali ta zama ta gidan masu mulki. Wurare da dama yana cewa irin wannan ne halin garuruwan zamaninsa, alhali kuwa yana alƙalin daula mai ci, yana cin albashinta.

Mutanen arewacin Zamfara ba su bukatar a je Andalus a nemo musu misalin juyin dauloli. Gobirawa a ƙarƙashin Babari sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, kufansa na yankin Isa maƙwabciyar Shinkafi. Alƙalawa da suka gina ta faɗi a 1808 a hannun mayaƙan jihadi, cikinsu har da Namoda, wanda Ƙauran Namoda ke ɗauke da sunansa. Tun kafin nan ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son dukiya da sarauta ya fara shiga jama'ar jihadi, har ya bar su ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kan yadda ake mulki da shari'a. A fagen fama ya ga abin, ba a littafin Girkawa ba, amma cutar da ya bayyana ita ce wadda alƙalin Ƙurɗuba ya bayyana game da Murabiɗun. Ilmin falsafa kansa bai zama baƙo a gidan Shehu ba, don jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, wanda ya rasu a 1864, ya karanta shi ya kuma yi rubutu a kansa.

Wurin da ya fi jan hankalin masu nazarin sharhin a yau shi ne maganarsa kan mata. Aflaɗon ya ce mace na iya zama cikin masu tsaro da masu mulki. Ibn Rushd ya goyi bayan haka, ya ce mace da namiji jinsi ɗaya ne wajen manufar ɗan Adam, ba abin da zai hana a samu masu hikima da shugabanni cikinsu, ko da yake ya ambata cewa waɗansu shari'o'i sun hana su babbar imama. Sa'an nan ya dubi garuruwan Andalus ya ce ba a san iyawar mata ba, don an tsare su ga haihuwa da reno da hidimar miji, ba a koya musu kome sai kaɗi da saƙa, har suka zama kamar tsirrai, kuma wannan na cikin dalilan talaucin garuruwan, tun da sun fi maza yawa. Sai dai akwai inda mai karatu zai yi turus. Aflaɗon ya tsara cewa rukunin masu tsaro ba su da gida ko iyali na kansu, mata da 'ya'ya na tarayya ne. Wannan ya saɓa wa shari'a ƙarara, kuma Ibn Rushd ya kawo shi bai tsaya ya yi masa irin raddin da za a zata daga mai Bidaya ba. Masu kare shi suna cewa aikin mai sharhi bayani ne. Uzurin bai cika gamsarwa ba, don a waɗansu wuraren bai ji nauyin saɓa wa Aflaɗon ba.

Halifa Abu Ya'aƙub ya rasu a 1184, ɗansa Ya'aƙub Almansur ya gaje shi, ya kuma riƙe Ibn Rushd da daraja shekara 10. A 1195, shekarar da halifa ya ci nasara kan Kiristocin Kastila a yaƙin Arak, al'amari ya juye. Abokan hamayya suka kai ƙara, aka tara malamai a Ƙurɗuba aka la'anci koyarwarsa, aka kore shi zuwa Alyusana, wani ƙaramin gari da aka sani da Yahudawa, aka ba da umarnin ƙone littattafan falsafa, ban da na magani da lissafi da sanin lokutan salla. An ruwaito cewa abin da ya fi yi masa ciwo shi ne ranar da ya shiga masallaci da ɗansa don sallar La'asar, gama-garin mutane suka taso suka fitar da su. Yana da shekara kusan 70 a lokacin.

Marubutan da sun kawo dalilai iri-iri. Waɗansu sun ce ya ambaci raƙumin dawa a littafinsa na dabbobi, ya ce ya gan shi a wurin sarkin Barbar, ba tare da laƙabin girmamawa ba. Waɗansu sun ce kusancinsa da Abu Yahaya, ɗan'uwan halifa kuma gwamnan Ƙurɗuba, shi ya jawo. Akwai masu ganin halifa na neman goyon bayan fuƙaha'u ne a lokacin yaƙi. A zamanin nan kuma masanin Maroko, Muhammad Abid Aljabiri, wanda ya rasu a 2010, ya tafi a kan cewa sharhin Jamhuriya ne ainihin laifin, zargin ɓata aƙida mayafi ne kawai. Waɗansu masana sun sa rubuta littafin tun wajen 1177, abin da zai raunana wannan ra'ayi. Amma duk wanda ya karanta maƙala ta uku zai gane dalilin da ya sa Aljabiri ya yi wannan zato.

Fushin bai daɗe ba. Halifa ya yafe masa ya kira shi Marrakush, can ya rasu cikin watan Safar 595, daidai da Disamba 1198. Bayan 'yan watanni aka tono gawarsa aka kai Ƙurɗuba. Shaihu Muhyiddin Ibn Arabi, wanda ya halarta, ya ba da labari cewa an ɗora akwatin gawar a gefe ɗaya na dabba, aka ɗora littattafansa a ɗaya gefen don kayan su daidaita.

Bayansa littattafan suka rabu hanya biyu. Bidaya ta zauna a hannun Musulmi. Littattafan falsafa kuwa Yahudawa da Kiristoci suka ɗauka. A jami'o'in Faris da Faduwa, in an ce Mai Sharhi ba a ƙara suna, shi ake nufi, har hukumar coci a Faris ta haramta waɗansu ra'ayoyin mabiyansa a 1270 da 1277. Sharhin Jamhuriya kuwa asalinsa na Larabci ya ɓace ɗungum. Wani malamin Yahudu, Sama'ila ɗan Yahuza mutumin Marsiliya ta Faransa, shi ya fassara shi zuwa Ibrananci tsakanin 1320 da 1322, wani sashin gyaran ma a kurkuku ya yi shi. Daga Ibrananci Yakubu Mantino ya mai da shi Latin a 1539. A 1956 Erwin Rosenthal ya buga matanin Ibranancin da fassarar Turanci a Kambirij, Ralph Lerner ya sake fassarawa a 1974, waɗannan ne kuma ɗaliban jami'a masu karatu da Turanci ke amfani da su. A 1998 Ahmad Shahlan, malami ɗan Maroko masanin Ibrananci, ya dawo da littafin cikin Larabci, aka buga shi a Bairut da gabatarwar Aljabiri, da sunan Addaruri fis Siyasa, shekara 800 cif bayan rasuwar mai shi. Allah Ya jiƙansa.